Ɗan wa kuke so ya tafi?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yau zan yi magana. Wanda zai ji haushi ya ji, in mun haɗu ranar Lahadi ma gaisa.

A makon nan na shiga wani gida a nan Marwa, arewacin Kamaru, na tarar da mata zaune a kan tabarma an yi jugum. Mai shigowa tana cewa "sannu da haƙuri, Mama," mai fita tana cewa "Allah ya ba da dangana." Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi ban ji ba. Ashe ɗan gidan ne ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki, aka karanta wuraren aiki, sunansa ya faɗa wani ƙauye a kan duwatsu can bayan Koza. Iyakar abin da ya faru ke nan. Yaro lafiyarsa ƙalau, yana ɗaki yana ɗaure littattafansa, a tsakar gida kuwa ana zaman makokinsa. Matan da ke zaune ɗin nan kuma mu ne, masu ɗaura zanen zumunta mu tsaya gaban majami'a muna roƙon Ubangijin girbi ya aiko da ma'aikata. To ya ji, ya kuma fara ɗauka daga gidanmu, sai ga mu da tabarmar gaisuwa.

Tun kafin a kwashe kwanuka aka shiga abin da aka saba. "Wa muka sani a ofishin ikkilisiya?" "Ai matar wane ƙawarki ce." "A nemo takardar likita, a ce yana da gyambon ciki, tuwon dawa ba ya karɓarsa." Kun san yadda ake yi, kada ku yi mini kamar baƙi. In dare ya yi sai a ɗauki dattijo ɗaya mai iya baki, a riƙa zakara ko ambulan, a tafi gaisuwa. Ba a cewa a canza, mu masu ladabi ne. Cewa ake yi, "Baba, ga ɗanka nan, ka dai san uwarsa ba ta jin daɗin jikinta." Ba a daɗe ba sai wata takarda ta fito, an gyara, yaro ya zama mataimakin fasto a cikin gari, mai kula da matasa da kayan kiɗa. Ranar Lahadi uwa ta fito ba da shaida, ta ce Allah ya yi mata abin al'ajabi, mu kuma mu tafa mu yi guɗa.

Mama, ina da tambaya ɗaya. Ƙauyen nan da aka cire ɗanki daga cikinsa, gogewa aka yi daga takarda? Yana nan. Mutanensa suna nan. Wani aka tura. Kin taɓa tambayar ko wane ne? Zan gaya miki. Maraya ne, ko ɗan manomin da ya sayar da auduga da akuya ya biya kuɗin makaranta, wanda uwarsa ba ta san inda ƙofar ofis take ba, ba ta kuma da ƙawa a cikin matan manya. An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Wannan a gidan biki ne. Ranar da ta zama ƙa'idar raba aiki a gidan Allah, ranar muka shiga uku. Wani lokaci ma ba a tura kowa. Sai a bar wani tsoho mai karatu da kyar yana riƙe da sujada shekara da shekaru, masu neman baftisma suna jira, jibin Ubangiji kuwa sai in wani fasto ya ratso a kan babur da rani. Shaidarki ta ranar Lahadi, kuɗinta su suka biya.

Na san abin da za ku ce. Tsaro. Ba zan yi wasa da wannan ba, don a nan nake zaune, ba labari aka ba ni ba. A Nuwamba 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe. A Afrilu 2014 aka shiga Cere, nan kusa da mu, aka tafi da fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada. Allah ya sa an sako su duka, amma 'yan ƙasa nawa aka ɗauka ba su dawo ba, babu gidan rediyon da ya ambaci sunansu? Mun ga majami'un da aka ƙone a wajen Turu da Mozogo da Kolofata. Mun san ƙauyukan da in rana ta faɗi ake hawa dutse a kwana cikin sanyi da yara, da safe a sauko a duba ko an bar awaki. Wanda ya ce a rufe ido a tura saurayi da amaryarsa cikin wannan ba shawara ba shiri, ba bangaskiya yake koyarwa ba. Ubangiji da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Akwai wuraren da hikima ta ce a dakata, shugabanni kuma su ne za su amsa a gaban Allah in suka yi ganganci da ran ɗan mutane.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Kukan da ake yi in an ce Koza, shi ake yi in an ce wani ƙauye a wajen Kaele, ko Gider, ko Poli, inda mutane ke kwana a ɗakunansu lafiya lau. To can ma tsaron ne? Kuma da gwamnati ce ta ɗauki yaron nan aikin duwan, wato kwastan, ta tura shi Fotokol, da rago aka yanka. Da aikin soja ya samu aka kai shi Amcide, da hotonsa da kaki ya cika Facebook ana "Allah ya tsare gwarzonmu." Da wata ƙungiyar agaji ce ta ba shi farar mota da albashi ta ce ya riƙa shiga har Darak, ba wanda zai tuna yana da gyambon ciki. 'Ya'yanmu nawa ke tsallaka iyaka da jarkokin mai a kan babur, cikin dare, a hanyoyin da ko jandarma ba ya so ya bi? Muna yi musu addu'a mu sallame su, don za su dawo da wani abu a aljihu. Haɗarin da ke da albashi muna karɓarsa hannu bibbiyu. Wanda ba shi da komai sai sunan Yesu, shi ne muke tuna cewa rai ɗaya ne.

Abin da muke gudu daban ne, mun kuma san shi. Babu wuta. Babu famfo. Babu rezo na waya sai an hau kan dutse. In Maris da Afrilu suka zo, zafi ya haura 40, babu fanka balle ruwan firji. Asibiti sai an yi tafiya a babur, in damina ce kuma mayo, wato rafi, ya kawo ruwa, sai dai a zauna a bakin gaɓa a jira. Baikon ranar Lahadi ba ya cika tafin hannu, rabinsa ma ƙwai ne da mudun dawa. Sannan ga babban abin da ba a faɗa: ba wanda zai gan shi. Babu kujerar gaba, babu mai riƙe masa jaka, babu manyan gari da za su ce "fastonmu." In ya yi wa'azin da ya fi kowane wa'azi, mutum talatin ne za su ji, rabinsu suna gyangyaɗi don sun wuni a gona, ba kuma wanda zai ɗauka a waya.

Ƙanena da ka gama karatu, kai nake wa magana yanzu, ba uwarka ba. Ranar da ka tsaya gaban dattawa ka ce kana da kira, me ka ɗauka aka kira ka zuwa gare shi? Mutumin nan na Luka sura 9 ma da zafinsa ya zo, ya ce zai bi duk inda aka nufa. Yesu bai yaba masa ba, bai kuma kore shi ba. Ya gaya masa dai yanyawa suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, shi kuwa ba shi da wurin sa kansa. Wato ka ji sharaɗin tun a bakin ƙofa. Ba a ɓoye maka komai ba. Kai ne daga baya ka zo da naka sharaɗin, ka ce "baiwata ta birni ce," "ni da Faransanci nake iya wa'azi," "matasa masu ilimi su ne nauyin da ke zuciyata." Ikon Allah! Duk ajinku nauyin birni Ruhu ya ɗora muku? Ba ko ɗaya da aka ɗora wa nauyin Mafa, ko Mada, ko Kotoko, ko masuntan bakin Lagon, ko makiyayan da ke yawo da shanu tsakanin nan da Cadi? Ka koma ka sake tambaya, wataƙila muryar da ka ji ba daga sama ta fito ba.

Ka ce ba ka jin yarensu. Waɗanda suka kawo mana bishara da wane yare suka zo? Wajen 1920 Berge Revne da matarsa suka iso Lere da Yagwa, ba su jin Mundang ba su jin Masa, Faransawa masu mulki kuma suka ja musu rai shekaru kafin su ba su izinin aiki sosai. A 1923 Adolphus Gunderson ya zauna a Mbula cikin Gbaya. A 1925 mutanen Norwe suka sauka Ngaundere. Lokacin babu kwalta, babu jirgin ƙasa, don layin dogo sai 1974 ya iso Ngaundere. Da ƙafa, da doki, da kwalekwale ta Binuwai. Suka zauna a gindin bishiya suna nuna abu da yatsa suna tambayar sunansa, yara suna yi musu dariya, har suka iya. A wancan gefen iyaka ma haka: samari uku suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Hausa, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu. Kai kuwa kana jin Hausa, kana jin Fulatanci, kana jin Faransanci, cikinka ya san ruwan ƙasar nan, fatarka ta san ranarta. An rage maka rabin aikin tun kafin a haife ka.

Kada kuma wani ya ce mini ai su Turawa ne, suna da ƙungiya a bayansu, in ciwo ya yi tsanani a mayar da su gida. To bari mu bar Turawa. Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma duk wanda ya tashi a yankin nan ya ji sunan Baba Simon. Simon Mpeke, ɗan Kamaru ne baƙar fata kamar ni da kai, mutumin wajen Edeya, an haife shi a 1906. Yana cikin 'yan ƙasa takwas na farko da aka naɗa fada a 1935. Shi ne babban fada na New-Bell a Duwala, cikin birni, ga jama'a, ga girma, ga duk abin da malamin addini zai so ya tsufa a cikinsa. A 1959, yana da shekara hamsin da 'yan kai, lokacin da sa'o'insa ke neman inda za su miƙe ƙafa, ya tattara ya taho arewa, ya zauna a Tokombere cikin mutanen dutse waɗanda na kwari ke kira kirdi suna raina su. Ba yarensa ba, ba abincinsa ba, ba yanayinsa ba. Ɗan kurmi ne da ya saba da ruwan sama kusan duk shekara, ya zo inda ake wata bakwai ko takwas ba ɗigo. Yana hawa duwatsun nan ba takalmi, har aka san shi da haka. Bai zo da zagin tsofaffin wurin ba, ya zauna da su ya saurare su, ya buɗe makaranta don 'ya'yansu, aikin asibiti kuma yana tafiya gefe guda. Ya rasu ranar 13 ga Agusta 1975. A 2023 Paparoma Francis ya amince da shaidar rayuwarsa a hanyar da Katolika ke bi kafin su kira mutum tsarkaka. Wannan nasu ne, ban shiga ba. Abin da na sani shi ne mutumin ya sauko daga New-Bell zuwa Tokombere da ƙafarsa, mu kuwa kamun ƙafa muke yi don a ɗauke mu daga irin su Tokombere a kai mu irin su New-Bell.

Kuma mafi yawan waɗanda suka yi aikin nan ba su da suna a kowane littafi. Masu bishara ne da katikis, waɗanda karatunsu bai wuce su haɗa baƙi ba. A ƙauyukan bakin iyaka da yawa, Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi suke riƙewa su karanta su juya wa mutane da yaren gida, don nasu bai samu ba tukuna. Ni 'yar ɗaya daga cikinsu ce, saboda haka kada wata ta ce mini ban san abin da nake faɗa ba. Na san tonon yashi a cikin mayo da asuba don a samu ruwan da za a ɗora tukunya. Na san watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabuwa ba ta nuna ba, uwa tana dafa ganye tana ce mana ita ta riga ta ci. Na san ƙyanda ta shiga gari, na san ƙaramin kabarin da muka bari a bayan majami'a da aka canza mana wuri. Ba zan ce muku da daɗi ba. Babu daɗi. Wahala kuma ba ita ce tsarki ba, akwai wanda ya sha ta ya fito da ɗacin rai har ya mutu. Amma a ƙauyen nan yau akwai majami'a, akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka fito daga cikinta, akwai tsofaffin da suka mutu suna kiran sunan Yesu. Da kakata ta je gaisuwar dare da zakara, da wa zai gaya musu?

Ku je Minawawo ku gani, ba nisa daga Mokolo. Tun 2013 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a can, da Gwoza ta Najeriya ta faɗa hannun Boko Haram a Agusta 2014 kuwa mutane suka yi ta kwararowa, har suka haura 60,000. Cikinsu akwai masu gidan kwano, masu shago, masu gonaki, malamai, fastoci. Ba su zaɓi barin komai ba, ƙwace musu aka yi, kada ma wani ya mayar da masifarsu abin ado a wa'azi. Amma ku dubi abin da suka yi da suka iso hannu wofi. Kafin su gama kafa bukkokinsu sun kafa wurin sujada da itace da tampol. Da Hausa ake waƙa a can, irin wadda muke yi a nan. Abin da aka rubuta a Ayyukan Manzanni 8:4, cewa waɗanda aka warwatsa sun yi ta tafiya suna shelar Maganar, mun gan shi da idonmu a Mayo-Tsanaga. Su an raba su da komai ba su saki Ubangiji ba. Mu fanka kawai aka ce mu bari.

Iyayena mata, na dawo gare ku, don na san inda igiyar take. Yaro da yawa zai tafi da an bar shi. Mu ne muke zama a bakin gadonsa muna kuka, "wa zai rufe ni in na mutu," "duk wahalar da na sha a kanka." Mu ne muke ce wa 'yarmu, "ki auri mai bishara ki ƙare a daji? Da digirinki?" Na ga auren da aka fasa bayan an kai kaya, ba don an kama yaron da wani laifi ba, sai don an ji inda aka tura shi. Sati na zagayowa uwar yarinyar tana gaba a taron zumunta tana koyar da labarin Hannatu da ta kai Sama'ila Haikali ta bar shi. Hannatu ɗa ɗaya gare ta a lokacin, da kuka ta roƙe shi, ta kuma kai shi tun yana ƙarami, riga kawai take ɗinka masa ta kai shekara shekara. Muna son labarin ƙwarai. Mu dai kada a ce mu yi.

Ba na raina hawayenku. Uwa ce ni. Ciki ba ya son a taɓa abin da ya fito daga cikinsa. Ki yi kukanki, Maryamu ma an gaya mata takobi zai soki zuciyarta. Amma ki yi shi a gaban Allah, kada ki yi shi a gaban yaron don ki karya masa gwiwa. Ki sa masa albarka da bakinki. Ki daka masa yaji, ki ƙulla masa kuka da daddawa da busasshen kifi, ki saya masa gidan sauro da fitila mai caji da rana. In kina da ƙarfi ki hau mota ki je ki ga wurin, ki gaisa da matan garin, ki ce musu ga ɗana nan na ba ku amana. Za ki yi mamakin yadda za su riƙe shi.

Ku kuma da kuke karanta wannan kuna gyaɗa kai don ba ku da ɗa a makarantar Littafi Mai Tsarki, kada ku ɗauka kun tsira. Laifinku ma yana cikin dalilin da ya sa ake gudun ƙauye. Yaya yaro ba zai ji tsoro ba, alhali ya ga wanda aka tura kafin shi an manta da shi? Ɗan abin da aka yanka masa a wata bai kai kuɗin katin wayar wasunmu ba, shi ma sai ya yi wata da watanni bai gani ba. In ya zo gari tambaya, a bar shi zaune a benci, a ce ma'aji ya fita, daga baya a ce masa "ka yi haƙuri, ladanka yana sama." A watan nan kuma aka yi gidauniyar sa tayil a majami'a, aka canza kujeru, aka sayo sababbin lasifika da za su hana unguwa barci. Annabi Haggai ya tambayi mutanen zamaninsa ko daidai ne su zauna a gidaje masu rufi mai kyau gidan Ubangiji yana kango. Mu mun iya gyaran gini, ba laifi. Mutumin da muka aika ne yake kango. Ladansa yana sama, gaskiya ne, amma ba kai za ka faɗa masa ba da cikinka cike. Ma'aikaci ya cancanci hakkinsa, wannan ma a rubuce yake. Wanda bai tafi ba, barin jin daɗinsa shi ne ya ji a aljihunsa, ya ji sosai, ba canjin da ya rage bayan cefane ba. In tafiyarsa ta rage masa komai, zamanka bai rage maka komai ba, to ba aiki ɗaya kuke yi ba.

Shugabanninmu, da girmamawa nake faɗa, ku iyayenmu ne. Ku daina mayar da ƙauye wurin horo. In fasto ya yi laifi a gari sai a ce a kai shi daji ya yi hankali. Mutanen dajin me suka yi da za a riƙa zuba musu waɗanda gari ya ƙi? Kuma me kuke koya wa yara, in ban da cewa birni lada ne ƙauye hukunci? Antakiya da za ta aika, Barnaba da Shawulu ta fitar, ba waɗanda take neman hanyar rabuwa da su ba. Ku tura gwanayenku. Ku sa wa'adi, wanda ya yi shekarunsa a can a sauko da shi ya huta, wanda ya daɗe a gari shi ma ya hau. In aka zo muku da zakara da dare, ku karɓi gaisuwa ku mayar da zakara.

Kai kuma da aka riga aka gyara maka takarda, kana zaune a gari zuciyarka ba ta kwanta ba, ban rubuta wannan don in kashe ka ba. Akwai mutum biyu cikin waɗanda Bulus ya ambata a wasiƙarsa ta ƙarshe zuwa ga Timoti, a wuri ɗaya, sura 4. Dimas ya bar shi don ƙaunar duniyar nan ya tafi Tasalonika. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi zina ba, ba a ce ya yi musun Almasihu ba. Birni kawai ya koma. Sai kuma Markus, wanda ya taɓa juyawa daga Bamfiliya ya bar su a tsakiyar tafiya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa. Shi ne Bulus yake cewa a zo masa da shi, yana da amfani a gare shi. Duka biyun sun gudu. Ɗaya ya dawo. Ƙofar ofishin da aka bi da dare tana buɗewa da rana, kana iya shiga da ƙafarka ka ce a mayar da sunanka inda yake.

Don Allah, 'yan'uwa, mu sake su su tafi. Don Allah mu sake su. Wanda kuma ya tafi kada mu bar shi shi kaɗai.

Satumba ta kusa, za a koma makaranta. Masu bishara da yawa a kan duwatsu da bakin Lagon suna da yaran da suka gama firamare, babu makarantar gaba a inda suke, ba su kuma da inda za su sauke su a gari. Wannan shi ne abin da ya fi sauko da su daga filin aiki, ya fi yunwa, ya fi tsoro. Kina da ɗakin da kika cika da tsofaffin kwanuka da akwatuna. Kana da shagon ƙofar gida da ba kowa a ciki. Ku je wurin fastonku a makon nan ku tambayi sunan mai bishara ɗaya, ku kira shi, in ba rezo ku aika da saƙo ta direban kasuwa, ku ce ya turo yaron. Kuma in ya zo, ɗa ne, ba ɗan aiki kuka samu ba. Abin da naku suka ci shi zai ci.